Yadda Za Ka Kula Da Tsohuwar Motar Gida, Ka Gano Ciwonta Kafin Ka Sayi Kaya

Abu uku ne suka fi kwantar da injin tsohuwar mota a yini guda: baƙin mai ya ƙare ko ya lalace, inji ya yi zafi har ruwa ya tafasa, ko bel ɗin taimin, wanda ke daidaita buɗewar bawul da motsin fistin, ya tsinke ana cikin tafiya. Motar gida da ta haura shekara 15, ta ci kilomita 200,000 ko fiye, tana iya ƙara shekaru masu yawa idan aka tsare ta daga waɗannan ukun. Sauran matsalolin ba kasafai suke zuwa kwatsam ba. Sai sun yi makonni suna ƙara, ko wari, ko ɗigo, ko jijjiga, kafin su tsayar da kai a hanya.

Abin da ya fi cinye kuɗin masu tsofaffin motoci, a ganina, shi ne gyaran lalube. A canja filogi, shiru. A canja kwayil, shiru. A canja famfon mai, ashe wani ɗan tiyon iska ne ya tsage. Tsarin da za mu bi a nan shi ne a duba tukuna, a gwada, sannan a sayi kaya, kuma a fara da abin da ya fi sauƙin dubawa.

Ka san motar da kake riƙe da ita

Nemi littafin da kamfani ya fitar tare da motar. In ya ɓace, kamar yadda aka saba gani a motar da ta bi hannu biyu ko uku, ana samun yawancinsu a intanet idan ka san sunan motar, shekararta da girman injinta. A ciki za ka ga irin baƙin man da ya dace da ita, lita nawa injin yake sha, wane man giya ake zuba mata, da tazarar da aka ɗiba wa kowane aiki. Lambar shasi, wadda ake kira VIN, haruffa ne da lambobi guda 17, tana ƙasan gilashin gaba ta gefen direba ko a jikin ginshiƙin ƙofa. Ajiye ta a wayarka. Motoci biyu masu suna ɗaya da shekara ɗaya kan zo da inji daban, kuma da wannan lamba ake tabbatar da cewa kayan da za a sayo na motarka ne.

Sai ka ajiye ƙaramin littafin rubutu a cikin motar. Duk aikin da aka yi, rubuta kwanan wata, kilomita nawa ke kan mita, da abin da aka canja. Idan ka sayi motar babu wani tarihin gyara, ɗauka ba a taɓa yi mata komai ba, ko da mai sayarwa ya rantse. Juye baƙin mai, ruwan lagireto da man birki, a duba man giya da bel ɗin taimin, sannan lissafinka ya fara daga ranar.

Duban mako-mako

Wannan ba ya wuce minti 10. Yi shi da safe kafin a tayar da inji, motar tana tsaye a wuri mai daidaito.

Fara da leƙa ƙarƙashinta. In kana zargin ɗigo, shimfiɗa kwali a ƙasan inji da dare, da safe launin ɗigon zai gaya maka daga ina yake. Baƙi ko ruwan ƙasa mai santsi baƙin mai ne. Ja-ja mai santsi man giya ne ko man sitiyari. Kore, ruwan hoda ko ruwan lemo mai ƙamshin zaƙi-zaƙi ruwan lagireto ne, kuma guba ne, kada a bar shi inda yara ko dabbobi za su kai. Ruwa fari tas a ƙasan gefen fasinja bayan an yi amfani da na'urar sanyaya mota ba matsala ba ne. Wanda ba a jinkiri da shi shi ne mai fari-fari mai ɗan rawaya a kusa da taya: man birki ke nan, motar ba ta fita sai an gyara.

Buɗe bonet, zaro sandar gejin baƙin mai, goge ta, mayar da ita har ƙarshe, ka sake zarowa. Man ya tsaya tsakanin alamomi biyu. A yawancin ƙananan motoci, tazarar da ke tsakanin alamar ƙasa da ta sama kusan lita 1 ce, don haka in ya kusa alamar ƙasa, ƙara rabin lita ka sake aunawa. Kada ka cika ya wuce alamar sama, domin man da ya yi yawa kumfa yake yi, ya kuma matsa wa robobin inji har su fara yoyo. Baƙin launi kaɗai ba laifi ba ne. Abin tsoro shi ne man ya koma fari-fari mai kauri, alamar ruwa ya shiga cikinsa, ko ka ji warin fetur sosai a jikinsa.

Duba robar ajiyar ruwan lagireto, da ƙaramar robar man birki. Man birki yakan ɗan sauka a hankali yayin da takalman birki ke cinyewa, wannan daidai ne. In ya sauka da yawa cikin 'yan kwanaki, akwai inda yake zuba. Matsa manyan tiyoyin ruwa da hannu: wanda ya kumbura, ko ya yi laushi lakwab, ko ya bushe yana tsattsagewa, lokacinsa ya yi. Dubi fanbel, ko akwai tsaga ko ya yi sheƙi. Dubi kawunan batir, in sun yi farin gari a wanke su da ruwan ɗumi da buroshi, a ɗaure su tam.

Sai tayoyi. Iskar da ta dace tana rubuce a takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba, yawanci tsakanin 30 da 35 a ma'aunin PSI. Lambar da ke jikin taya ita ce iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka, ba ita ake bi ba. A auna tayar tana sanyi, a haɗa da safaya, wadda kowa ke mantawa da ita sai ranar da ya yi faci. Zanen taya kada ya gaza zurfin milimita 1.6, kuma akwai 'yan tudu a cikin kwarin zanen da ke nuna an kai wannan iyaka. Shekarun taya ma abin dubawa ne: lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT suna nuna mako da shekarar da aka yi ta, wato 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar da ta haura shekara 6 a riƙa sa mata ido, wadda ta kai 10 a cire ta ko da zanenta yana nan. Yadda tayar ke cinyewa ma labari ne: gefe ɗaya kawai, saitin ƙafafu ya goce, tsakiya, iska ta yi yawa, gefe biyu, iska ta yi kaɗan.

Juyen baƙin mai

Ga tsohuwar motar da ke yawan gajerun tafiye-tafiye, cunkoso, zafi ko ƙura, yi juye duk kilomita 5,000 zuwa 7,500, ko duk wata 6, wanda ya riga zuwa. Motar da ba ta yawan fita ma tana buƙatar juye, domin danshi da ɓurɓushin fetur suna taruwa a cikin man.

Game da kaurin mai, akwai ra'ayin da ya yaɗu cewa tsohon inji sai mai kauri irin 20W-50. Ban yarda da wannan a matsayin doka ba. Injunan da aka ƙera daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa sama, musamman masu tsarin VVT-i ko VTEC, suna amfani da ƙarfin baƙin mai wajen sarrafa bawul ta wasu 'yan siraran hanyoyi, kuma yawancinsu 5W-30 ko makamancinsa aka rubuta musu. Mai mai kauri yana jinkirin isa saman inji da safe, lokacin da aka fi samun gogayya. In injin yana shan mai, matsa mataki ɗaya kawai, misali zuwa 10W-40, kuma kafin haka a duba ɗan bawul ɗin PCV da ke kan murfin inji, wanda ke fitar da tururin da ke taruwa a cikin inji. In ya toshe, yakan sa inji shan mai da yoyo, canja shi kuma aikin 'yan mintuna ne. Injin da ke shan lita 1 a kilomita 2,000, ba ya hayaƙi, ba ya rasa ƙarfi, bai kai a sauke shi ba. Ka dai riƙa aunawa kana cikawa.

In za ka yi juyen da kanka:

1. Tayar da inji na minti 5 don man ya saki, sannan ka kashe.
2. Ja birkin hannu, sa waigi a tayoyin baya, ɗaga gaban motar ka ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe. Kada ka taɓa shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.
3. Sa mazubi, kwance notin ƙasan inji, ka bar man ya tsiyaye.
4. Kwance tsohuwar filtar mai. Tabbatar robarta ta fito tare da ita, domin in ta maƙale aka ɗora sabuwa a kanta, man zai tsiyaye cikin 'yan mintuna.
5. Shafa sabon mai a robar sabuwar filta, ka ɗaure da hannu kawai.
6. Mayar da notin da sabon wasa, kada ka matse shi da ƙarfin tsiya har zaren ya lalace.
7. Zuba mai, tayar da inji, ka ga fitilar mai ta mutu cikin 'yan daƙiƙu. Kashe, jira minti 5, auna, ka leƙa ƙasa ko akwai ɗigo.

Fitilar mai ja da ke kan allon gaban direba ƙarfin bugun mai take nunawa, ba yawansa ba. In ta kama kana tafiya, gangara gefe ka kashe inji nan take. Tafiyar kilomita 2 a haka ta isa ta cinye injin.

Ruwa da zafi

A nan ya kamata a fi zama, domin kan injin yawancin motocin nan da gorar ruwa, wato alminiyam, aka yi shi, kuma zafi ɗaya mai tsanani ya isa ya lanƙwasa shi, ya ƙona tof gaskit.

Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100, yana kawo tsatsa, yana kuma barin gishiri da ke toshe siraran hanyoyin lagireto. Ruwan sanyaya inji da aka haɗa rabi da rabi da ruwa, tare da murfin lagireto mai riƙe matsin kusan 1 a ma'aunin bar, yana kai wa sama da digiri 120 kafin ya tafasa, kuma yana ɗauke da sinadaran hana tsatsa. Waɗannan sinadarai suna ƙarewa, shi ya sa ake juye shi duk shekara 2 zuwa 5 gwargwadon irinsa. Kada a gauraya iri daban-daban, wasu in sun haɗu kauri suke yi. Shi kansa murfin lagireton, ƙaramin abu ne da ake raina shi, amma in robarsa ta mutu mota za ta riƙa zubar da ruwa tana zafi, a yi ta neman ciwo a wani wuri.

Sai batun tamostat. Wannan ɗan bawul yana rufe hanyar ruwa har inji ya kai zafin aikinsa, wajen digiri 80 zuwa 90, sannan ya buɗe. Wasu makanikai da zarar mota ta yi zafi sai su cire shi su yar, su kuma haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa ba tsayawa. Wannan rufe ciwo ne. Injin da ba ya kai zafin aikinsa yana shan fetur da yawa, domin ƙwaƙwalwar mota tana ɗauka har yanzu yana sanyi, fetur ɗin da bai ƙone ba kuma yana wanke man da ke jikin silinda. A wasu injunan ma, cire tamostat yana barin ruwa ya riƙa zagayawa ta gajeriyar hanya ba tare da ya bi lagireto sosai ba, zafin ya ƙaru. In ya maƙale, a sa sabo.

Lokacin da motar ke yin zafi shi ne mabuɗin gano dalili. In tana zafi a cunkoso amma ta huce da ta samu hanya, fanka ce, ko fis ɗinta, ko rilenta, ko sansar da ke tayar da ita. Gwaji mai sauƙi: kunna na'urar sanyaya mota, a yawancin motoci fankar za ta tashi nan take. In kuwa tana lafiya a tsaye amma tana zafi a gudu ko hawan tudu, zargi lagireton da ya toshe, ko famfon ruwan da fukafukansa suka cinye. In ruwa yana raguwa ba ka ga inda yake zuba ba, ga kumfa na tasowa a robar ajiya, ga farin hayaƙi mai ƙamshin zaƙi da ba ya ɗaukewa, tiyoyi kuma suna yin tauri jim kaɗan bayan an tayar da inji da safe, to tof gaskit ne ake zargi. Akwai gwajin da ake yi da wani ruwa mai canja launi idan hayaƙin inji yana shiga ruwan lagireto. A yi shi kafin a kwance kan inji.

In allurar zafi ta haura kana hanya, kashe na'urar sanyi, kunna hita har ƙarshe don ta janye zafi, ka nemi wurin tsayawa ka kashe inji. Jira aƙalla minti 30. Kada ka buɗe murfin lagireto yana da zafi, ruwan zai yi tsiri ya ƙona fuska da hannu. Kada kuma ka kwarara wa inji mai zafi ruwan sanyi.

Bel ɗin taimin

Abu na farko, gano ko injinka bel yake amfani da shi ko sarƙa. Misali, Toyota Camry mai injin lita 2.2 na shekarun 1990 zuwa 2001 bel ne, mai lita 2.4 da ya biyo baya sarƙa ce. Honda Accord mai lita 2.3 na 1998 zuwa 2002 bel ne, mai lita 2.4 daga 2003 sarƙa, amma mai silinda 6 ya ci gaba da bel. Sarƙa takan daɗe muddin ana juyen mai a kan kari, kuma in ta saki tana yin ƙara da safe. Bel ba ya gargaɗi. Ana canja shi ne da lissafi, yawanci tsakanin kilomita 90,000 da 160,000, ko shekara 5 zuwa 7. A injuna da yawa, in ya tsinke, fistin zai daki bawul ya lanƙwasa su, aikin da zai zama na bel kaɗai ya koma na kwance inji. In za a canja, a haɗa da abin da ke ɗame shi da boris ɗinsa, da famfon ruwa idan bel ɗin ne ke juya shi, tunda wahalar kwancewa ɗaya ce.

Sauran ayyukan lokaci-lokaci

Man giyar otomatik kowane kamfani da nasa: Toyota na da T-IV da WS, Honda na da DW-1, giyar CVT kuma, wadda ba ta da matakan giya, man ta daban ne gaba ɗaya. Zuba wanda bai dace ba yana kashe giya sannu a hankali. Yawancin motoci ana auna shi inji yana aiki kuma ya yi zafi, amma Honda da yawa ana aunawa ne jim kaɗan bayan an kashe inji, don haka koma ga littafi. Ja mai haske lafiya ne, ruwan ƙasa lokacin juye ya yi, baƙi mai ƙauri alamar an riga an yi ɓarna a ciki. Ga giyar da aka daɗe ba a taɓa ba, na fi son a tsiyaye abin da zai fito a cika da sabo, a maimaita bayan wani lokaci, maimakon a wanke ta da injin matsi.

Man birki irin DOT 3 da DOT 4 yana tsotsar danshi daga iska, danshin kuma yana sa shi saurin tafasa a doguwar gangara, birki ya tafi ƙasa. A juye shi duk shekara 2. Kada a zuba DOT 5 a madadinsu, ba sa haɗuwa. Takalmin birki in kaurinsa ya sauko milimita 3 a canja, hagu da dama tare. Filogi na gama-gari yakan kai kilomita 30,000, na iridiyam kusan 100,000. Filtar iska a ɗaga ta a rana, in haske ba ya ratsawa a canja. Batir yakan yi shekara 3 zuwa 5, zafi kuma yana rage masa kwana.

In ta ƙi tashi

Saurara da kyau lokacin da ka murɗa makulli, domin ƙin tashi iri-iri ne.

In shiru ka ji, ko ƙas-ƙas-ƙas da sauri, fitilun allo suna dusashewa, batir ne ko kawunansa. Da ƙaramar mitar awon wuta za ka raba gardama: cikakken batir yana nuna volt 12.6 inji a kashe, 12.2 ya kai rabi, ƙasa da 12 ya yi sanyi. Inji yana aiki kuma ya kamata ka ga tsakanin 13.5 da 14.7. In bai kai haka ba, altaneta ba ta caji, sabon batir ma kwana kaɗan zai yi ya mutu. Kada a gwada altaneta ta hanyar cire kan batir inji yana aiki, wutar da ke tsalle a lokacin tana iya ƙona ƙwaƙwalwar mota. In fitilu suna da ƙarfi amma ƙas ɗaya kawai ka ji, kik ne ko wayarsa. In ba ka ji komai ba a motar otomatik, sa giya a N ka gwada, wani lokaci makunnin da ke gane giya tana P ne ya gaji.

In za a ja wuta daga wata motar, jan waya zuwa alamar + ta mataccen batir, ɗaya bakin zuwa + ta mai rai, baƙar waya zuwa alamar − ta mai rai, bakinta na ƙarshe kuma a jikin ƙarfen injin motar da ta mutu, nesa da batir. In an gama, a cire su daga na ƙarshe zuwa na farko.

In kik yana juya inji da ƙarfi amma bai kama ba, ko mai ne babu ko wuta. Murɗa makulli zuwa inda fitilu ke kamawa ba tare da ka tayar ba, ka kasa kunne wajen kujerar baya: famfon mai zai yi ɗan gurnani na kusan daƙiƙa 2. In shiru, duba fis da rilensa kafin a zargi famfon. Dubi allo ko fitilar makulli tana ƙiftawa, alamar motar ba ta gane makullin ba. Motar da ke mutuwa in ta yi zafi, ta tashi bayan ta huce, sau da yawa sansar kiranshaf ce, wadda ke gaya wa ƙwaƙwalwar mota juyawar inji. Af, yawan tafiya da tanki kusan wayam yana rage wa famfon mai kwana, domin fetur ɗin da yake ciki ne ke sanyaya shi.

Fitilar cek inji

Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996, da masu fetur na Turai daga 2001, suna da soket mai ramuka 16 a ƙasan sitiyari, inda ake jona na'urar OBD2 mai karanta lambobin matsalar mota. Akwai ƙanana da ke aiki da wayar hannu, kuma duk mai tsohuwar mota ya kamata ya mallaki ɗaya. In fitilar ta tsaya cak, kana iya ƙarasa tafiyarka ka duba daga baya. In tana ƙiftawa, inji yana misin sosai, ɗanyen fetur yana shiga salansa yana ƙona matatar hayaƙi, rage gudu ka tsaya.

Lambar da na'urar ta nuna tana faɗa maka inda za ka duba ne, ba kayan da za ka saya ba. P0171 na nufin iska ta fi mai yawa, kuma dalilin na iya zama tsagaggen tiyon iska, ko sansar awon iska ta yi datti, ko famfon mai ya yi rauni. P0420 ta shafi matatar hayaƙi, amma ɓulin salansa ko gajiyayyar sansar iskar oksijin ma suna kawo ta. P0302 na nufin silinda ta 2 tana misin. In kowace silinda da kwayil ɗinta, musanya na 2 da na 3, goge lambar, ka yi tafiya. In ta koma P0303, kwayil ne. In ta tsaya a P0302, koma kan filogi, sannan nozul, sannan a auna matsin silindar. Rubuta lambar kafin a goge, kuma cire ƙwan fitilar ba gyara ba ne.

Ƙara, jijjiga da hayaƙi

Ƙas-ƙas lokacin da ka karya kwana kana taka totur, kan shaf ne, kuma kusan kullum robarsa ce ta fara yagewa giris ya zube. Wanda ya ga robar da wuri, robar kaɗai zai canja. Gurnanin da ke ƙaruwa da gudu, ya canja in ka ɗan karkata sitiyari, boris ɗin taya ne. Ƙwanƙwasa a kan gargada, bushin ne ko 'yan sandunan da ke riƙe daidaiton mota, amma a duba bolijoyin da tayarod, domin su in suka cire taya ce ke kwantawa. Motar da ke ci gaba da lilo bayan ta wuce tudu, shokazoba ta mutu. Kuka mai tsini da safe fanbel ne. Kuka in an taka birki gargaɗin takalmi ne, gurzar ƙarfe kuwa takalmin ya ƙare yana cin faifai.

Sitiyari yana rawa a gudun kilomita 90 zuwa 110, tayoyi na son balansin. Yana rawa sai an taka birki, faifan birki ne. Mota tana kakkarwa a silo giya tana D, ta lafa in an mayar N, robobin mazaunin inji ne. Birkin da ke nutsewa a hankali ƙafarka tana kansa, babban famfon birki ne, wannan ba a kwana da shi.

Shuɗin hayaƙi mai ne ke ƙonewa: in da safe ne kawai ya ɗauke, robobin bawul ne, in yana ƙaruwa da taka totur, ringi ne. Baƙin hayaƙi fetur ya yi yawa. Ɗan farin tururi da sanyin safiya ba komai ba ne. Warin hayaƙi a cikin mota kuwa a ɗauke shi da gaske, domin iskar da ke kisa a cikinsa ba ta da wari ko launi, kuma saboda ita ne ba a barin inji yana aiki a rufaffen gareji.

In ka kai ta gareji

Faɗa wa makanike abin da ka ji da abin da ka gani, kada ka yanke masa hukunci. Wanda ya ce “canja mini famfon mai”, famfon mai za a canja masa ko da lafiyarsa ƙalau. Ka ce: “Malam, tana mutuwa ne in ta yi tafiyar rabin awa, in ta huce sai ta tashi, ga lambar da na'ura ta nuna.” Tambaye shi wane gwaji ya nuna masa cewa kayan da ya ambata ne suka lalace. A canja abu ɗaya a gwada kafin a taɓa na biyu, in ba haka ba ba za a san wanda ya yi maganin ba. Nemi a nuna maka tsohon kayan da aka cire. A kan birki, bel ɗin taimin, famfon ruwa da sansoshi, sayi na asali ko na kamfanin da aka sani, araha ba ta ado a waɗannan wurare. In an cire taya, a ɗaure notinanta da ma'aunin ƙarfi, yawancin irin waɗannan motoci wajen 100 zuwa 110 suke so a ma'aunin ƙarfin ɗauri na Nm, ka kuma sake gwada su bayan ka yi tafiyar kilomita 50 zuwa 100.